Gidan Rusaifa da Ƙullutun Wuyana

A unguwar Hindawiyya da ke Makka aka haife ni, a nan aka ɗaura mini aure, a nan na haifi yarana uku, amma ban taɓa kwana a ɗakin da yake mallakinmu ba. Kakanmu da ya taho daga Kano ya rasu a gidan haya, Babanmu ma haka. Shi ya sa ranar da dillali ya buɗe mana ƙofar wata shigga, wato sashen zama na iyali guda a cikin bene, a hawa na uku na wani sabon gini a unguwar Rusaifa, na ga falo mai tagogi biyu da kicin ɗin da mace za ta juya a ciki ba ta bugi tukunya ba, sai na kasa magana. Maigidana ya bi ɗakunan yana ƙwanƙwasa bango, yana buɗe famfo yana rufewa. Da muka sauko ya ce mini, "Kin yi shiru." Na ce, "Ina tsoron in yi magana a ce an sayar."

Mai shiggar wani dattijo ne da ya saya wa ɗansa, ɗan kuma aiki ya ɗauke shi zuwa Riyad. So yake ya rabu da ita kafin azumi. Muka ba shi arbun, wato kafin alƙalami, muka yi alkawarin banki zai biya shi sauran kafin watan Sha'aban ya ƙare.

Ni malama ce a makarantar firamare ta 'yan mata. Maigida yana aiki a kamfanin motocin da ke jigilar alhazai, idan Hajji ya zo sai ya yi makonni tsakanin Mina da Arfa ba mu sa shi a ido ba. Albashinsa shi kaɗai bai kai ya ɗauki wannan shigga ba, nawa ma haka. Sai da aka haɗa biyun banki ya yarda zai saya ya sayar mana, mu riƙa biya wata-wata har tsawon shekarun da in na tuna su sai in ga kaina da sanda.

Ma'aikaciyar da ta karɓe mu a banki yarinya ce mai natsuwa, ba ta gaggawa. Bayan ta gama bayanin biyan wata, sai ta ce saura maganar ta'amin, abin da 'yan uwanmu na gida ke kira inshora. Ta ce iri biyu ne. Na farko yana tafe tare da bashin, ba zaɓi a ciki: idan ɗayanmu ya rasu ko ya nakasa gaba ɗaya, za a yafe kasonsa na abin da ya rage. Wannan tambayoyi kaɗan ne a takarda, mutum ya amsa ya sa hannu. Na biyu kuwa sai wanda ya so: idan babban ciwo ya kama mutum, irin su ciwon daji, ko bugun zuciya, ko shanyewar ɓarin jiki, ko ƙoda ta daina aiki, kamfanin ta'amin zai ba shi kuɗi a dunƙule yana raye, ya rage bashi ko ya riƙe gida da su. Amma wanda ya zaɓi na biyun, a shekarunmu, sai likitan kamfani ya duba shi.

Maigida bai bari ta rufe baki ba. "Na farkon ya ishe mu," in ji shi.

Na ce mata, "Ba mu takardun na biyun mu je mu karanta."

Ya juyo ya dube ni, ya ajiye maganar sai da muka shiga mota. Bai ma tayar da ita ba, ya riƙe sitiyari ya ce, "Ke mutuwata kike lissafi?"

"Mutuwa ai an tanadar mata a takardar farko," na ce. "Ni ciwo nake tsoro."

Ina da dalili. Akwai abokiyar aikina da mijinta ya faɗi a wurin aiki, ɓarin jikinsa ya shanye. Ya rayu, yana jan ƙafa, yana magana da ƙyar. Kwamitin likitoci ya ce bai nakasa gaba ɗaya ba, don haka bashin gidansu yana nan daram, albashinsa kuma ya koma rabi. Na ga yadda matar nan ta zube a shekara guda, na ga tana sayar da awarwaronta ɗaya bayan ɗaya. Kuma ga maigidana: tumbi ya fito, shisha kullum bayan isha'i, shayi sai ya sha sukari ya yi kauri, in ya hau bene sai ya tsaya a tsakiya yana yi kamar waya yake dubawa. Mahaifinsa zuciya ce ta ɗauke shi, yana kusan shekarun da maigidana yake da su a lokacin.

Duk na faɗa masa wannan a cikin motar, ban rage komai ba. Ya ce abin da Allah ya rubuta ba kamfani ne zai goge shi ba. Na ce ban ce kamfani zai goge ba, cewa na yi kada yara su rasa uba mai lafiya su kuma rasa rufin kwana a rana ɗaya. Ya ce shi bai ma san hukuncin abin ba. Na ce ya je ya tambaya.

Ya tambaya. Limamin masallacin unguwa ya ce masa irin na taimakekeniya, wanda jama'a ke zuba kuɗi wuri ɗaya a tallafa wa wanda abu ya samu, malamai da yawa sun halatta shi. Ya dawo ransa ba daɗi, kamar an ƙwace masa sandar da yake dogarawa. Ya yi kwanaki yana amsa mini magana da ka. Daga baya, ina tuyar ƙwai da safe, ya tsaya a bakin kicin ya ce, "Tayyib, shi ke nan. Amma mu biyu za a yi wa. Ba ni kaɗai za a kai a auna kamar ragon hadaya ba."

Na yi dariya na ce na yarda. Ko a jikina. Ni da ba na shan komai, nake hawa benen makaranta sau ba adadi a rana, me za a samu?

Makon da ya rage kafin ganin likita, maigida ya zama wani mutum. Ya ajiye shisha, ya koma shan shayi ba sukari yana yamutsa fuska, bayan la'asar ya fita zagaya unguwa da ƙafa. Na ce masa jinin mutum ba ya mantuwa a mako guda. Ya ce in bar shi ya gwada.

Asibitin da kamfanin ya tura mu ƙarami ne, mai sanyin na'ura da yawa. Aka ɗebi jininmu, aka raba mu, shi ɓangaren maza ni na mata. Likitar da ta duba ni dattijuwa ce 'yar Masar, mai yawan hira. Ta auna jinina, ta saurari ƙirjina, tana tambayata aji nawa nake koyarwa, tana ba ni labarin jikarta da ta ƙi lissafi. Duk hankalina yana can ɗaya ɓangaren, ina tunanin abin da na'urar zuciya ke zanawa a kan maigida. Sai ta zagayo bayana ta ɗora yatsunta a wuyana.

"Haɗiye yawu," ta ce.

Na haɗiye.

"Sake."

Na sake. Hirar jikarta ta tsaya. Ta dawo gabana, ta ɗaga haɓata, ta danna gefen hagu na maƙogwarona da babban yatsa.

"Tun yaushe wannan yake nan, ya ustaza?"

"Me?"

Ta kama yatsana ta ɗora a wurin. Na ji shi. Ƙullutu ne mai tauri, bai fi ƙwallon dabino ba, yana hawa yana sauka in na haɗiye. Wuyana ne, kullum ina wanke shi, ina shafa masa mai, ina naɗa mayafi a kansa, ban taɓa jin sa ba.

Ta ce yawancin irin waɗannan ba komai ba ne, mata da yawa suna da su. Ta ce amma dole a ɗauki hoto, kuma dole ta rubuta abin da ta gani. Na ce to. Na gyara mayafina, har allurar da nake maƙale shi da ita ta soke ni.

Na fito na tarar da maigida a zaune yana murmushi. Likitansa ya ce zuciyarsa lafiya, jininsa ne ya ɗan hau kaɗan. "Kin gani?" ya ce. "Duk tsoron nan naki." Ban faɗa masa a wurin ba, saboda mutane. A mota na kama yatsansa na ɗora a wuyana kamar yadda aka yi mini. Ya janye hannun da sauri kamar ya taɓa wuta, sannan ya mayar a hankali.

An ɗauki hoton. Mai ɗaukar ta daɗe a gefen hagu tana aune-aune. Bayan 'yan kwanaki, ina tsakiyar darasi, waya ta yi ta motsi a jakata. Da aka tashi tara na fita baranda na kira. Ma'aikaciyar banki ce. Ta ce kamfanin ta'amin ya karɓi maigida, da ɗan ƙari a kan abin da zai riƙa biya saboda hawan jini. Ni kuwa sun dakatar da nawa, duka biyun, har sai an san mene ne a wuyana.

"To a cire na biyun," na ce. "A bar na farko kawai, kamar yadda maigidana ya so tun asali."

"Ma'alesh, ki yi haƙuri, ustaza. Kamfani ɗaya ne, kuma yanzu sun sani. Idan ba su yi miki ta'amin ba, banki ba zai iya lissafa albashinki ba."

"In ba albashina ba shigga."

Ta ce, "Allah ya ba ki lafiya. Ita ce gaba."

Na tsaya a barandar ina kallon 'yan mata suna guje-guje a tsakar makaranta. Sha'aban ya riga ya kama. Da na yi shiru ranar nan a banki, da mun amsa tambayoyin takarda da gaskiyarmu, ba mu san da komai ba, da yanzu ana shirin rubuta mana takardar mallaka. Ni na ja mu zuwa ɗakin likita. Wannan tunani ya zauna mini a ƙirji, ya hana ni cin abinci fiye da ƙullutun kansa.

Ranar Juma'a bayan an sauko, kamar kullum, muka taru a gidan Inna, mahaifiyata, cin abinci. Ba mu gaya mata ba, don tana fama da nata ciwon. Amma maigida ya gaya wa Yayana, wanda ke da shagon kayan wuta, mutum ne da ya san kan takardu da ofisoshi. Da Inna ta shiga ɗaki ta kwanta, Yaya ya tura yara waje ya rage murya.

"Bankuna ba ɗaya ba ne a garin nan," ya ce. "Ku je wani. Kada ku nemi na biyun, ba mai tura ku wurin likita. Tambaya ce a takarda: kina da ciwo kaza? Ki ce a'a. Ai ba a tabbatar ba. Ƙarya kika yi?"

"Akwai inda suke tambaya ko ana kan yi wa mutum bincike," na ce.

"Wa zai bi diddigi? Ke dai ki shiga gidanki. Arbun ɗinku fa yana hannun mutumin nan. Kin san shekara nawa kuka yi kuna tara shi?"

Na sani. Kuma ba zan ɓoye ba, maganar ta shige ni. Na ga kaina a kicin ɗin nan, na ga babbar 'yata da ɗakinta ita kaɗai. Na ce a raina wataƙila ma ba komai ba ne, likita da bakinta ta ce yawanci ba komai ba ne. Amma na karanta takardun nan tun daga farko har ƙarshe, na san abin da ke ciki. Na ce wa Yaya, "In na ce a'a, kuma abin ya zama abin da muke tsoro, in na mutu za su nemi fayil ɗina na asibiti. Za su ga ranar da aka ɗauki hoto, su ga ranar da na sa hannu. Ba za su biya ba. Kasona zai dawo kan maigidana, ga yara uku."

"Wa ya ce za ki mutu? Subhanallahi, ke bakinki ba ya faɗin alheri?"

"Ai don mutuwar ake yin takardar, Yaya."

Ya juya wurin maigida. "Kai ka yi mata magana mana. Gidanka ne fa zai tafi."

Tun da aka fara maigida yana ta juya finjalin shayi a kan faranti. Na ɗauka ya karkata ga Yaya, don shi ne ya fi ni wahalar tara kuɗin, shi ya yi Hajji bayan Hajji a rana yana karɓar ƙarin aiki. Sai ya ajiye finjalin da ƙarfi har shayi ya fantsama.

"Yaya, da girmanka," ya ce, "kada a sake ce mini gida. Kowa gida, gida. Ita ma gida. Ni ba wanda ya gaya mini mene ne a wuyan matata. Har sai an gaya mini, ba na son jin sunan Rusaifa."

Ya tashi ya fita. Ta taga na hango shi tsaye a jikin mota, ya ba gidan baya, kafaɗunsa suna motsi. Tun da aka yi mana aure sau ɗaya na taɓa ganin haka, ranar da aka binne mahaifinsa. Yaya ya miƙe. Ya tattara finjalan da kansa, abin da bai taɓa yi ba.

Aka sa mini ranar allura. Siririyar allura ce ake sokawa a wuya a zuƙo abin da za a duba, aka ce kada in haɗiye, kada in yi tari, kada in yi magana. Ban taɓa sanin sau nawa mutum ke son haɗiye yawu ba sai ranar. Daga nan sai jira. Ina zuwa makaranta, ina rubutu a allo, ina gyara littattafai, hannuna kuma ba ya barin wuyana. Wata ɗalibata ta tambaye ni ko maƙogwaro ke mini ciwo, ta miƙo mini alewar na'ana'a.

Duk da abin da ya faɗa a gidan Inna, maigida ya je wurin dattijon mai shiggar ya gaya masa gaskiya, ya roƙi ƙarin lokaci. Dattijon ya ƙara mana zuwa tsakiyar azumi. Ya ce fiye da haka ba zai iya ba, shi ma akwai abin da ke jiransa.

Sakamakon ya fito a farkon azumi, kuma bai raba gardama ba. Likitan ya ce abin da suka gani bai kwanta musu ba, ba za su ce ciwon daji ne ba, ba za su ce ba shi ba ne, sai an yi aiki an ciro an duba. Aikin kuma sai bayan Salla. Muna fitowa maigida ya kira dattijon tun daga harabar asibiti ya ce ya sayar wa wanda ya samu. Mutumin kirki ne, ya mayar mana da arbun, ya cire abin da dillali ya riga ya ci kawai. Na ji labari wani ma'aikacin lantarki ne ya saya. Har yau in hanya ta bi da mu ta wannan layin, sai in sami abin dubawa a jakata.

An yi aikin a Shawwal. Ciwon daji ne, amma ƙarami, irin wanda ke jin magani idan an kama shi da wuri. Suka cire abin gaba ɗaya, suka ɗora ni a kan ƙwaya guda kowace safiya har ƙarshen rayuwata. Abin da ban shirya masa ba shi ne murya. Na farka ina magana kamar mai raɗa, aka ce jijiyar ce ta ɗan wahala, za ta dawo. Malama ba murya. Na koma aji da ƙaramar lasifika rataye a wuya, 'yan matan da ban taɓa iya sa su yin shiru ba suka koma kamar ba kowa a ajin, don su ji abin da nake cewa. Sai da aka kusa Hajji na iya kiran ɗana daga kicin ya ji ni a ɗaki.

Inna ta sani daga ƙarshe, ta yi fushin an ɓoye mata, fushin da ya fi na ciwon tsawo. Yaya kuwa da ya zo duba ni ya zauna a bakin gado ya ce, "Da ba ki nace ba, da kina gidanki." Sai ya ƙara da cewa, "Da kuma abin nan yana nan yana girma."  Har yanzu akwai ranakun da rabin farko na maganarsa ke fi mini nauyi, musamman in na tuna cewa ta'amin ɗin da na yi ta faɗa a kansa, ni da ciwon ya kama ban ci ko sisinsa ba.

Bayan shekara muka koma bankin, wurin yarinyar nan. Wannan karon da albashin maigida kaɗai, don haka shiggar da muka samu ƙarama ce, a hawan ƙasa, can bayan Rusaifa inda gine-gine suka fara hawa dutse. 'Yan matan biyu ɗaki ɗaya, namijin yana kwana a falo. Da ta zo kan maganar ta'amin ban buɗe baki ba. Maigida ne ya jawo takardun gabansa ya sa tabarau.

"Duka biyun nake so," ya ce. "Amma ki gaya mini: in ciwon ya zo a watannin farko, suna biya ko akwai jira? Hawan jinin nan nawa, sun cire zuciya daga ciki ko ƙarin kuɗi kawai suka yi? Kuma in sun biya, hannuna za su ba ko banki?"

Ta amsa masa ɗaya bayan ɗaya, inda ba ta da tabbas ta kira kamfanin a gabanmu. Akwai jira na wasu watanni. Zuciya tana ciki. Ya sa aka nuna masa layin da ya faɗi haka, ya bi shi da yatsa, sannan ya sa hannu.

Ni har yau ba kamfanin da ya karɓe ni. Sun ce in dawo bayan wasu shekaru in gwaje-gwaje sun ci gaba da fitowa lafiya. Kafin nan na shiga adashi da malaman makarantarmu, duk kwasar da ta zo kaina ina ajiyewa gefe ba na taɓawa. Gwajin kuwa a Jidda ake yi mini, wata shida-shida. Maigida yana ɗaukar hutun yini ya kai ni. A hanyar zuwa ba ma hira, rediyo ma ba ya kunnawa. In mun fito aka ce lafiya, sai ya bi da mu kasuwar kifi, ya zaɓi babba a gasa mana, mu zauna mu ci da hannu kafin mu kama hanyar Makka.